Ranar da Na Ɓatar da Tsohuwa a Tsakiyar Teku

Kafin komai, ya kamata mai karatu ya san da wa yake magana. Ni ne Malam Sale mai gyaran rediyo, na bakin kasuwar Gumel. Na yi aji huɗu a firamare, kuma ba kora ta aka yi ba, ni na ga na ƙoshi. Shekara arba'in kaina yana cikin rediyon mutane, saboda haka babu ƙasar da ban ji labarinta ba. Teku kuwa na san ta sarai, a kunne. Ruwa mafi girma da na taɓa tsallakawa kafin wannan tafiya shi ne kogin Haɗeja, shi ma ta kan gada.

Ɗanmu Habibu ne ya kai mu Kuala Lumpur, ni da uwarsa. Karatun zama dakta yake yi a can, ba na allura ba, na takarda. Ya sauke mu a unguwar Wangsa Maju, a bene hawa na goma sha bakwai, inda ba a jin carar zakara, ba a jin sallamar maƙwabci. Sati uku muka yi. Ni dai ina lallaɓawa masallaci in dawo. Tsohuwa kuwa, haka nake kiran uwar Habibu, ita kuma ta ce min Malam, sai ta wuni a bakin taga tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa a sama, tana tambayata a ina mutanen garin nan suke ɗaure awakinsu. Jikokinmu in ta yi musu Hausa sai su ce, “Kaka, makan lah,” wato ta ci abinci. Ta rame.

Habibu ya lura. Wata rana ya shigo da takarda mai hoton jirgi.

“Baba, jirgin ruwa za ku shiga. Kwana uku. Ku je tsibirin Langkawi ku dawo.”

“Me za mu ɗauko a can?”

“Ba komai, Baba. Shaƙatawa ce.”

“Wato a kai mutum inda ba shi da kowa, a juyo da shi inda aka ɗauke shi?”

“Haka ne, Baba.”

Na ce, “To lallai karatu ya yi.”

Da tare za mu tafi, sai malaminsa ya tsayar masa da ranar da zai kare littafinsa a cikin satin. Matarsa kuma ba ta iya barin yara da makaranta. Sai ya damƙa mu a hannun maƙwabcinsa, Pak Cik Rahman, tsohon direban bas, wanda shi ma zai tafi da matarsa. Pak Cik kamar a ce Kawu ne. Mun saba da shi a masallaci. Hirarmu rabi da hannu, kwata da Turancina, sauran kuma da “boleh”, kalmar da mutanen can suke faɗa in abu zai yiwu, da kuma in ba zai yiwu ba amma suna jin kunyarka.

A tashar Klang na ga jirgin. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Gari ne guda aka ɗora a kan ruwa, da benaye da kantuna da wurin wanka a kan rufi. A bakin ƙofa aka ba kowa kati mai hotonsa da igiyar ratayawa. Shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar mutum, da shi ake sanin kai waye. Yarinyar da ta ba mu ta nuna wuyanta sau biyu. Na karɓi nawa, na karɓi na Tsohuwa, na zuba a aljihun 'yar ciki.

“Malam, ba ni nawa in rataya kamar kowa.”

“Ke da kika ɓatar da makullin ɗaki sau uku?”

“Sau biyu ne. Na ukun a aljihunka aka gani.”

Pak Cik ya nuna wuyan matarsa, ya nuna na Tsohuwa. Na dafa ƙirji na ce da Turanci, “Ai am hozban.” Tun da aka kawo ta gidana, duk takardar da ke da sunanta a wurina take, katin asibiti, katin zaɓe, fasfo. Ban ga dalilin da zai sa ruwa ya canza min tsari ba. Pak Cik ya ce, “Boleh.”

Kwana biyun farko ba ni da abin cewa sai alheri. Tsohuwa ta ci abinci har ta yi ƙari. A Langkawi wani mutum ya sayar min da man ciwon gwiwa, ya rantse daga gindin teku ake tono shi. Na shafa kwalba guda, gwiwa tana nan yadda take, sai dai ta yi ƙamshi. Abu ɗaya ne Tsohuwa ta ƙi yarda da shi: a ba ma'aikatan jirgi kayana su wanke. Ta ce tana raye baƙo ba zai wanke wa mijinta riga ba. Da safen rana ta uku, muna hanyar dawowa, ta wanke farar rigata a banɗaki, ta hau can sama, bayan jirgi, ta shanya a jikin ƙarfen da ake jingina a kalli ruwa. Ina tsaye ina yi mata dariya.

Bayan azahar gari ya canza. Hadari ya haɗo daga yamma, ba irin namu mai ja ba, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ruwan da ya kwana biyu shuɗi ya koma toka-toka. Kofin shayi ya fara tafiya a kan tebur ba wanda ya tura shi. Matar Pak Cik ta ce jiri take ji, ta kwanta. Da la'asar muka sauka mu uku zuwa surau, ɗakin salla, a hawa na biyar. Na maza daban, na mata daban, lungu ya raba su.

Na ce, “In kin idar ki tsaya nan. Kar ki motsa.”

“Ina zan je, Malam?”

A raka'a ta biyu muka yi ruku'u, jirgi ya yi nasa. Sahu guda muka tafi gaba kamar an tunkuɗe mu, kan wani ya shiga bayan liman. A ta uku sai da na riƙe bango. Muna sallamewa kantar takalma ta kife a kan wani dattijo ɗan Indiya, goshinsa ya fashe. Ni da Pak Cik muka ɗaga shi, muka toshe masa jinin da hankici har wani ma'aikaci ya zo. Duka bai fi minti goma ba.

Na fito. Lungu ba kowa. A bakin ƙofar mata takalmin Tsohuwa ƙafa ɗaya ne, a kife.

Pak Cik ya yi sallama, wata mata ta leƙo riƙe da ƙofa. Ya tambaye ta da yarensu. Ta ce tsohuwar nan baƙa ta fita tun da aka yi sallama, da sauri, tana nuna sama.

Sama. Sai da na ji kalmar sannan na tuna da rigar. Wace mace ce a ƙasarmu za ta ga hadari ya haɗo ta zauna, alhali tana da shanya a waje?

Lifta ta tsaya, an kashe. Hawa bakwai na hau da ƙafa, ni da gwiwar nan. Matakala tana zuwa ta same ni, in na ɗaga ƙafa kuma ta gudu. Ta lasifika ana ta magana da Turanci da Malayanci, Pak Cik yana haki yana gaya min an ce kowa ya koma ɗakinsa, ko ya zauna a ƙasa inda yake. A hawa na tara na ji ƙarar kwanuka da tangaran sun zube gaba ɗaya, mata suka sa ihu. Ban tsaya ba.

Ƙofar fita waje an ɗaure ta da igiya, wani ma'aikaci yana tsare da ita. Na manna fuska a gilashi. Ban ga sama ba, ban ga teku ba, duk sun zama abu ɗaya. Ruwan wurin wanka yana tashi ya fice, ya dawo. Kujerun shan iska suna gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Na hango ƙarfen da aka yi shanya. Babu riga. Babu kowa.

“Mai waif! Mai waif!” Iyakar Turancin da ya zo bakina ke nan.

Ma'aikacin ya ce ba wanda ya fita. Pak Cik ya tambaye shi tun yaushe yake tsaye a nan. Ya duba agogo, ya ce bai daɗe ba. Kafin shi fa? Bai sani ba.

Na ce a raina wataƙila ta koma ɗaki. Muka gangaro hawa na takwas muna bin bango. Na sa hannu a aljihu in ɗauko makulli, sai yatsuna suka taɓa kati biyu. Na fito da su. Ga hotonta tana kallona, da ɗankwalinta a karkace. Ko ta zo ƙofar nan, da me za ta buɗe? Ko an tsince ta, da me za a san ta? Ba ta jin Turanci, ba ta jin Malayanci, ba ta san lambar ɗaki ba, don ban taɓa gaya mata ba. Na buɗe duk da haka. Carbinta ne kawai yake yawo a ƙasa.

Pak Cik ya kalli katunan a hannuna, ya kau da kai. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Babban zauren jirgi, inda teburin ma'aikata yake, ya koma kamar asibitin gwamnati ranar kasuwa. Mutane a zaune a ƙasa, wasu suna amai a leda, wani Bature hannunsa a naɗe da tawul jina-jina. Wata babbar fitila mai lu'ulu'u tana lilo a saman kanmu, kowa ya matsa daga ƙarƙashinta. Duk lokacin da igiyar ruwa ta daki jirgin sai ka ji kamar an buga ƙatuwar ganga a ƙarƙashin ƙafarka, ƙarafa su yi kuka, fitilu su lumshe su dawo.

Da ƙyar muka kai gaba. Shugabar wurin wata mata ce mai farar riga da igiya a kafaɗa, da wayar oba-oba a hannu. Pak Cik ya yi mata bayani. Ta ce sunanta fa? Na miƙa katin. Ta kalli katin, ta kalle ni.

Ta tambaya da Turanci, kuma na gane sarai, me ya sa yake wurina.

Turancina na aji huɗu, wanda na yi shekara sittin ina tinƙaho da shi, ya tattara ya bar ni.

Aka yi sanarwa: ana neman Hauwa'u Sale. Na girgiza kai. Hauwa'u sunan yanka ne, yana fasfo, amma tun tana goyo Ladi ake ce mata. Ko a tsakar gidanmu ka kira Hauwa'u ba za ta waiwayo ba, balle a cikin wannan ruguguwa, a tsakiyar Turanci. Aka sake sanarwa. Aka aika ma'aikata biyu su duba banɗakuna da wuraren cin abinci. Suka dawo hannu rabbana.

Magariba ta yi ban sani ba, sai da Pak Cik ya taɓa ni. A zaune muka yi ta, bayanmu a jikin tebur, alƙibla kuwa Allah ne ya san inda take, don jirgin ma bai sani ba. Ban san me na karanta ba. Abin da ke kaina shi ne Habibu. Zan sauka a Klang, zai leƙa bayana ya ce, “Baba, ina Inna?” In ce masa me? In koma Gumel mutane su zo gaisuwa, su ce a ina aka binne ta, in nuna musu ina? Matar da ko rijiya ba ta leƙawa sai ta yi bisimilla sau uku.

Na ji shugabar tana magana a oba-oba, murya ƙasa-ƙasa, tana satar kallona. Na kama hannun Pak Cik.

“Me ta ce?”

“Ba komai, Pak Sale.”

“Don Allah.”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce za su duba hoton kyamarorin da ke kallon gefen jirgi. Bai ƙarasa ba, ban kuma buƙaci ya ƙarasa ba. A lokacin jirgin ya kwanta gefe guda, ya daɗe bai tashi ba, har na ga kujera tana tafiya ita kaɗai ta wuce mu. Mutane suna salati da yare iri-iri. Ni kuwa wallahi ban ji tsoron nutsewa ba. Na ma ga in ya nutse an hutar da ni bayani.

Ina zaune idona ya sauka a kan lasifikar da ke bango. Ƙarama ce, inci shida, irin wadda na kwance sau dubu. Na tuna akwai irinta a ɗakinmu, akwai a surau, akwai a matakala, har a banɗaki na gani. Waya ɗaya ce ta haɗa su duka. Na miƙe na nuna makirfon da ke gaban shugabar.

“Gib mi.”

Ta ce a'a, na ma'aikata ne, kuma Kyaftin yana buƙatar layin. Na sake cewa, “Gib mi.” Ta juya ga wani. Sai Pak Cik ya shiga gabana. Mutumin nan da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya yi ta magana da yarensu, yana nuna ni, yana nuna kunnensa, yana nuna furfurarsa, hawaye na bin fuskarsa. Daga baya ya gaya min cewa ya yi: matar nan murya ɗaya ta sani a duk jirgin nan, ga mai ita a tsaye. Shugabar ta kira sama, ta saurara. Ta ɗaga min yatsa ɗaya. Minti ɗaya.

Shekara arba'in ina gyara wa mutane murya su fito, ban taɓa shiga ciki ba sai ran nan. Na danna.

“Salamu alaikum. Tsohuwa, ni ne.” Na ji muryata ta dawo min daga kowane lungu. “In kina ji na, duk wanda ke kusa da ke ki kama hannunsa, ki nuna masa akwatin nan da nake magana a ciki. Ki yi ihu. Yau babu kunya. Rigar nan ki bar ta, ina da wata. Katinki yana wurina, laifina ne, ba naki ba. Kin ji? Ladi. Ladi, ki amsa.”

Minti ɗaya ya cika. Shugabar ta zare makirfon daga hannuna a hankali.

Zauren ya yi tsit, sai kukan ƙarafa. Ba wanda ya ji abin da na faɗa, amma kowa ya gane. Ina kallon wayar da ke kan tebur. Ta yi ƙara, shugabar ta ɗauka: wani ne ya karye a hawa na goma. Ta ajiye. Ta sake ƙara: ruwa ya shiga wani ɗaki. A karo na uku ta ɗauka, ta saurara, ta ɗago ido, ta miƙo min.

Hayaniya, ƙugin inji, muryoyin mata. Sannan:

“Malam? Kai ne ka shiga rediyo?”

Na zame na zauna a ƙasa da wayar a kunne.

“Ni ne.”

“To ka rage murya mana. Ka firgita 'ya'yan mutane.”

Tana can ƙasa, hawa na biyu, a ɗakin wankin jirgi. Ba a iya kawo ta ba a lokacin, don an rufe ƙofofin ƙarfe na ƙasa saboda ruwa, sai an lafa. Awa biyu na ƙara a zaune a wurin, jirgi yana tashi yana faɗuwa, ni kuwa duk faɗuwar da ya yi sai in tuna tana ƙasan ruwa ni ina sama. Bayan isha iska ta fara sassauci. Aka turo ta a keken guragu, ƙafarta a ɗaure da bandeji, an lulluɓe ta da farin tawul, da silifas ɗin wani a ƙafa ɗaya.

Matar da ta turo ta 'yar Indonesiya ce mai suna Sari, mai wanki. Ita ta ba Pak Cik labari, shi kuma ya ba ni. Tsohuwa ta fito za ta kwashe shanya, ta tarar lifta ba ta aiki, ta tura wata ƙofa da ta ga matakala a bayanta, ashe ta ma'aikata ce. Jirgi ya watsar da ita, ta gangara, ƙafa ta gurɗe. Su Sari suka tsince ta suka ja ta wurinsu kafin a rufe ƙofofi. Sun nemi kati, babu. Sai Sari ta fito da wayarta mai juya magana, ta tambaye ta sunanta da Hausa. Ta ce Ladi. Suka kira ofishinsu, aka duba, babu Ladi a jirgi, aka ce su riƙe ta har a samu sarari. Sari ta sake sa waya ta tambaya: mene ne sunan mijinki? Tsohuwa ta ce Malam. Aka duba, babu. Aka ce sunansa na gaskiya. Ta rufe baki da mayafi. Aka ce to sunan ɗanki. Ta juya fuska bango.

Pak Cik ya dube ni. “Ta manta ne? Don tsoro?”

Na ce ba ta manta ba. Na yi masa bayani iya yadda hannu da Turanci suka kai: a wurinmu macen da ta san kanta ba ta kama sunan mijinta, ba ta kuma kama sunan ɗanta na fari. Habibu kuwa shi ne na fari. Pak Cik ya girgiza kai. Ko “boleh” bai iya cewa ba.

Da hantsi teku ta kwanta kamar ba ita ba. Ma'aikata suna share fasassun gilasai, ana hango bishiyoyin gaɓar Klang. Na turo Tsohuwa bakin taga, na kawo mata shayi. Tun asuba na rataya mata katinta da hannuna.

Na zauna kusa da ita, na ce:

“Yanzu ke, da a ce jirgin nan nutsewa zai yi, sai ki bari a rasa inda kike a kan suna?”

“Yara ne fa, Malam. Sa'o'in Habi... sa'o'in Dakta. In buɗe baki a gabansu?”

“Awa huɗu, Tsohuwa. Har gefen jirgi aka duba.”

Ta kurɓi shayi.

“Ai na faɗa.”

“Kin faɗa? Sari ta ce kin ƙi.”

“Ba su na faɗa wa ba. Da jirgin ya kwanta ɗin nan, na ɗauka shi ke nan. Na ce ya Allah, mutumin nan bai iya ruwa ba, ga gwiwa, ga taurin kai. Sai na ga Malamai suna da yawa a duniya, kar a yi kuskure. Na kama suna, har da na mahaifinka.”

Shekara arba'in da shida muna tare, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na matso da kujera, na gyara hula, na kawo kunnen da ya fi ji.

“To maimaita in ji yadda ya fito.”

Ta kalli ruwa, ta ja tawul ta rufe baki.

“Wanda na faɗa wa ya ji,” in ji ta. “Sha shayinka, Malam.”